Kalmar da Ta Kai Muhsina Toranke

Hure: Salamu alaikum. Halo? Yaya Suwaiba, kina ji na?

Suwaibatu: Amin, wa alaikumus salam. Malam? Malam, kai ne? An dace?

Hure: Wane Malam kuma? Ni ce, Hure. Yau muryar ƙanwarki ce ta koma ta mijinki?

Suwaibatu: Au, Hure ce. Ban duba lambar ba, ina jin ƙara na ɗauka. Ina wuni?

Hure: Ni ce da gaisuwa, Yaya. Ina wuni? An wuni lafiya?

Suwaibatu: Lafiya lau. Ya mutanen Toranke?

Hure: Duk lafiya, suna gaishe ku. Ya Gaya? Ya zafin nan?

Suwaibatu: Lokacinsa ne. Ya baban su Garzali?

Hure: Yana gona tun safe, gyaɗa ta hana kowa zama. Ya Malam, ya ɗaliban Islamiyya?

Suwaibatu: Lafiya. Ya kaka?

Hure: Alhamdu lillahi. Bana gyaɗa ta yi 'ya'ya, gero ne dai tsuntsu ya ɗan taɓa. Ya ciwon gwiwar taki?

Suwaibatu: Da sauƙi. Hure, in babu wani abu, bari in kira ki anjima. Waya nake jira.

Hure: Tun ba mu gama gaisawa ba? Ai ban tambayi yara ba. Ya yara?

Suwaibatu: Suna nan lafiya.

Hure: Duka?

Suwaibatu: Duka mana.

Hure: 'Yan matan naki sun taso daga makaranta?

Suwaibatu: Tun azahar. Ga Adawiyya nan tana tankaɗe.

Hure: Ɗayar fa?

Suwaibatu: Ɗayar... na aike ta.

Hure: Kin aike ta.

Suwaibatu: Nan maƙota. Yanzu za ta shigo.

Hure: To Yaya, aiken nan ya yi nisa. Mu dai baƙuwa muka yi.

Suwaibatu: Akuya? Wace akuyar? Hure, maganarki tana yankewa, kuma wallahi yau ba ni da natsuwar zancen akuya.

Hure: Ba akuya ba, baƙuwa! Tsaya in matsa jikin rumbu, nan ne kawai sabis yake zama a gidan nan. Yanzu fa?

Suwaibatu: Yanzu na ji ki.

Hure: Na ce baƙuwa muka yi daga Gaya. Da kayan makaranta a jikinta, farin hijabi, jaka a kafaɗa.

Suwaibatu: Hure.

Hure: Na'am.

Suwaibatu: Kada ki yi min wasa da rai. Muhsina ce?

Hure: Ita ce.

Suwaibatu: Tana wajenki? Da idonki kika gan ta? Lafiyarta ƙalau?

Hure: Ga ta can a tsakar gida kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa da su Garzali. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

Suwaibatu: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi Rabbil alamina. Tsaya in zauna. Adawiyya! Ajiye rariyar nan, ki ruga gidan su Hussaina ki ari waya ki kira babanki. Ki ce an gan ta, tana Toranke wajen Inna Hure, ya daina zagayen asibiti. Sa hijabinki mana, haka za ki fita? Halo, Hure, kina nan?

Hure: Ina nan. Maƙotan naku dai da nisa suke.

Suwaibatu: Ke dai bari. Tun azahar ko ruwa bai wuce maƙogwarona ba. Malam ya sallami ɗalibai ya hau babur, babu inda bai leƙa ba, gidajen ƙawayenta, tasha, bakin kasuwa, har asibiti. Na ɗauki wayar nan in kira ki, in ajiye, in ɗauka, in ajiye. Da wane baki zan ce miki amanar da kika ba ni ta ɓace a hannuna? Ke kuma yarinya tana gabanki, kika tsaya tambayata ciwon gwiwa!

Hure: Yo ta ina zan fara? Tun da kika ɗauke ta ban taɓa kiran ki a kan maganarta ba. Ni ma juya wayar na yi ta yi a hannu.

Suwaibatu: Wa ya kai ta? Yarinyar da ba ta taɓa wuce tasha ita kaɗai ba.

Hure: Baffa Datti, mai a-kori-kurar da ke kai gyaɗa kasuwa. A tasha ta gan shi zai dawo, ta gaishe shi, ta ce ke kika aiko ta wajena. Shi kuwa ya sa ta a gaba, har ƙofar gida ya sauke ta. Har rake ya saya mata a hanya.

Suwaibatu: Allah ya saka masa da alheri. Ita kuma Allah ya shirye ta, wai ni na aike ta.

Hure: Ai bakinku ɗaya, ke ma haka kika ce min.

Suwaibatu: Yi min shiru. Ta gaya miki abin da ya faru a makarantar?

Hure: Ta gaya min rabi. Wai wata kalmar Turanci ce malaminsu ya koya musu. Da ta faɗe ta na ɗauka zagi ne.

Suwaibatu: Kazin.

Hure: Ita fa.

Suwaibatu: Yau na ji ta har ta fita daga kaina. Adawiyya ce ta ba ni labari tana kuka. Kin san sabon malamin Turancinsu? Sagiru, ɗan gidan Kabo na bayan gidanku.

Hure: Sagirun nan mai buga ƙwallo? A'a, mai bin awaki dai. Shi ne ya zama malami a Gaya?

Suwaibatu: Shi. Bai fi wata guda da zuwa ba. Yau darasin sunayen dangi suke yi, ya rubuta wannan kalmar a allo. Adawiyya ta ce a rubuce doguwa ce, in ka bi baƙaƙen sai ka ce kowusin, amma a baki kazin ake cewa. Ya ce gaɓa biyu ce, ka da zin, ƙarfin a gaɓar farko yake. Ya sa su tafi, kowace gaɓa tafi ɗaya, ka, zin, ka, zin, aji ya ɗauka kamar gidan biki.

Hure: To ai wannan karatu ne, Yaya.

Suwaibatu: Da a nan ya tsaya ai da karatu ne. Sai ya ce bari ya gaya musu asalinta. Wai su ma Turawan Ingila ba tasu ba ce, daga Faransanci suka aro ta, su kuma Faransawa suka gaje ta daga wani tsohon yare, Latin ko me. Wai a can asali ma'anarta ɗan 'yar'uwar mahaifiya, daga baya aka haɗa da 'ya'yan baffa da na kawu da na gwaggo. Yara suka ce ba su gane ba. Sai ya waiga ya ce, yauwa, ga misali ma a gabanku, Muhsina da Adawiyya.

Hure: Inna lillahi.

Suwaibatu: Aji ya ce, Malam ai 'yan biyu ne! Kin san duk makarantar haka aka ɗauke su, tunda anko nake musu, kuma tare na sa su. Maimakon bawan Allahn nan ya haɗiye maganarsa, sai ya yi dariya. Ya ce ina! Shi da bakinsa ya ci naman sunan Muhsina a Toranke, mahaifiyarta Hure maƙociyarsu ce, uwar Adawiyya yayarta ce. Ya ce kun ga kazin ta asali ke nan, irin ta Latin ɗin sak. Ya sake cewa a tafa.

Hure: Ita fa?

Suwaibatu: Adawiyya ta ce har da ita aka tafa, kanta a ƙasa. Abin da ya fi ci min rai ke nan, Hure. 'Yata tana tafa wa maganar da ta raba ta da ni. Da aka tashi ta ce wa Adawiyya ta yi gaba, ta manta littafi a aji. Shi ke nan ba a ƙara ganinta ba.

Hure: Allah sarki. Amma Yaya, Sagiru ba mugun yaro ba ne. A Toranke wa bai sani ba? Ko yaran da aka haifa bara in ka tambaye su za su ce 'yar Hure ta fari tana Gaya wajen yayarta. Ba zai taɓa kawowa a ransa ita ce ba ta sani ba.

Suwaibatu: Haka ya ce. Da labari ya kai masa ya zo har soro, hula a hannu. Ina bayan ƙofa ina wanke shi tas, shi kuma don ruɗewa sai ya sake ɗauko min bayanin daga farko, wai Hajiya kalmar aro ce daga Faransanci. Na ce to ka mayar musu da abarsu, mu ba mu aika a aro mana ba!

Hure: Kai, Yaya!

Suwaibatu: To ƙarya na yi? A Hausa ina muke da kazin? 'Yar ƙanwata 'yata ce, magana ta ƙare. Da ɗan mace da ɗan namiji ne ma sai a ce taubasai, a yi wasa a yi dariya. Amma 'ya'yan ya da ƙanwa? Kuma ma nonona ta sha tare da Adawiyya, wannan a dama wannan a hagu. Malam ya ce masa, Malam Sagiru, a Turanci dai ka yi daidai, amma a shari'a ya da ƙanwa ne, abin da jini ya haramta nono ma ya haramta. Ya ce wallahi bai san da shayarwar ba. Yanzu haka yana can a kan babur ɗinsa yana bin hanyar Wudil yana nemanta.

Hure: To a kira shi shi ma, kada ya ƙarasa Kano.

Suwaibatu: A bar shi ya ɗan ƙara gaba tukuna.

Hure: Haba dai.

Suwaibatu: Za a kira shi. Halo? Halo, Hure? Kin koma can ƙasan rijiya.

Hure: Kaza ce ta shiga shanyar gyaɗa, na matsa in kore ta. Na dawo jikin rumbun. Kina ji?

Suwaibatu: Ina ji. Yanzu ke gaya min. Da ta shigo me ta ce?

Hure: Da farko gaisuwa ce kawai. Ina zaune ina ɓara, na ji sallama, na ɗaga kai na gan ta a tsaye. Na ɗauka wani abu ne ya same ki. Na ce lafiya? Ta ce lafiya. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta ajiye jaka, ta ja ƙwarya ta hau ɓara. Na kawo mata ruwa ta sha. Muka yi ta ɓara ni da ita, sai dai duk na ɗago in tarar ni take kallo. Ba kallon gaisuwa ba, Yaya. Hancina take kallo, da bakina.

Suwaibatu: Wushirya irin tata take nema a bakinki.

Hure: Ta kuwa same ta. Da na kori su Garzali su je ɗiban ruwa, sai ta ce, Inna Hure, da gaske ke kika haife ni?

Suwaibatu: Kika ce me?

Hure: Na ce wa ya gaya miki? Ta ba ni labarin tafin. Na rasa inda zan sa idona. Na ce ki je ki tambayi uwarki. Ta ce ai ita ma tambayar ke nan.

Suwaibatu: Yarinyar nan da baki. Wannan kam ba ke ta biyo ba.

Hure: Nonon da ta sha ne. To da na ga babu mafita na ce mata e. Na ba ta labarin yadda aka yi. Na ce bayan suna zazzaɓi ya kwantar da ni, aka kwashe ni zuwa asibitin Gaya ban san inda kaina yake ba, nono ya ƙafe. Na ce a lokacin Yaya tana goyon Adawiyya, ko zama ba ta fara ba, ta karɓe ki ta haɗa ku. Da na warke aka miƙo min ke, kika ƙi ni, kika yi ta tsala kuka har aka mayar da ke bayan Yaya kika yi shiru. Innarmu, Allah ya ji ƙanta, ta ce a bar ki inda kika zaɓa, dama 'yar fari ai ba ta uwarta ba ce.

Suwaibatu: Amin. Haka aka yi, ba ki rage komai ba. Ta yi kuka?

Hure: Ba a nan ta yi ba. Ta ma ce ta daɗe tana zargi. Wai tun tana firamare take mamakin 'yan biyun da ba Hassana ba Hussaina. Kuma in an zo biki Toranke, tsofaffi su kama haɓarta su ce ga Hure sak, sai ta ga an harare su sun yi shiru.

Suwaibatu: Ta taɓa tambayata zancen sunan. Na ce Malam ne ba ya son sunan da kowa ke da shi.

Hure: Yaya ke nan.

Suwaibatu: To me zan ce? Ni fa jira nake ta ƙara girma ki gaya mata da bakinki. Ke kika haife ta, na ga bai kamata in riga ki ba.

Hure: Ni? Ni kuma na bar miki ne. Na ce ke kika raine ta, in na buɗe baki za ki ce ina so in karɓe abata.

Suwaibatu: Ikon Allah. Ni ina miki kara, ke kina min kara, har ɗan gidan Kabo ya zo ya raba mana gardama da alli.

Hure: Ai ba ɓoyewa muka yi ba, shiru muka yi.

Suwaibatu: Kin ce ba a nan ta yi kukan ba. A ina ta yi?

Hure: Bayan na gama, sai ta ce, ashe shi ya sa. Na ce shi ya sa me? Ta ce duk yaran dangi ina kiran sunansu, ina jan su a jiki, ina tsokanarsu, ita kaɗai ce ban taɓa kiran sunanta ba. In kun zo Sallah in ba Adawiyya tsarabarta a hannu, tata kuma in ba ki ki ba ta. In ta shigo ɗaki in tashi in fita. Ta ce, Inna Hure, ni duk tsawon nan na ɗauka ba kya sona, na yi ta tunanin laifin da na yi miki. A nan ta fashe.

Suwaibatu: Wayyo 'yata. Ba ta taɓa gaya min ba.

Hure: Wallahi Yaya, zazzaɓin nan da na yi bai yi min zafin maganar nan ba. Ni da nake leƙenta ta taga in tana wasa. Na ce mata ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka taras, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna masa so a gaban mutane. Ta ce wannan wace irin al'ada ce mai sa yaro kuka? Na ce ki tambayi kakanninki, ni ma Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba har ta koma ga Allah.

Suwaibatu: Ni kam na sani ai. Wance nake a bakinta har ta rasu. Amma ni a gabanta na tashi, na san wance ɗin so ne. Ita wannan wa ya fassara mata?

Hure: Babu.

Suwaibatu: Hure.

Hure: Na'am, Yaya.

Suwaibatu: Da kaya ta zo?

Hure: Na ce miki jakar makaranta ce kawai.

Suwaibatu: Kin duba ciki? Babu kayan sawa?

Hure: Littattafai ne da gorar ruwa.

Suwaibatu: To. Baban su Garzali ya gan ta?

Hure: Ya leƙo daga gona shan ruwa ya same ta. Ta gaishe shi, ya amsa yana kallon katanga, ya koma gona ba tare da ya sha ruwan ba.

Suwaibatu: Bai ce komai ba? Bai ce tunda ta sani, a bar ta nan ba?

Hure: Yaya, ki yi tambayar da kike son yi mana. Tun ɗazu kike kewaye kamar mai neman allura.

Suwaibatu: To na yi. Za ta dawo? In ta ce gidan ubanta take so, ba ni da bakin hanawa, Malam ma ba shi da shi. Haƙƙinku ne, kowane alƙali haka zai ce. Amma ki gaya min gaskiya tun yanzu in san yadda zan yi da raina. Ni ban san kazin ba, ban san riƙo ba. Na san dai ni na yi mata wanka tun tana jaririya, na kwana a zaune da ita lokacin ƙyanda. In na shiga ɗakin nan na ga katifarta babu kowa...

Hure: Ki bar kuka, Yaya.

Suwaibatu: Ba kuka nake ba, hayaƙi ne.

Hure: To ki matsa daga murhun ki ji. Bayan ta share hawaye na zuba mata ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka. Ta yi loma biyu, ta ɗago, ta ce, Inna Hure, ke ba kya sa wake a miyar kuka? Umma tana sawa.

Suwaibatu: Ta ce Umma?

Hure: Ta ce kuma daddawata ta yi yawa, Umma ba ta cika ta haka. A gidana, a kan tabarmata, da tuwona a hannunta.

Suwaibatu: Ai gaskiya ta faɗa, tun muna yara hannunki yake da nauyi a daddawa. Amma Umma ta ce? Da bakinta?

Hure: Ban ƙirga ba, amma ta fi cikin carbi. Wayar nan ma ita ta matsa min. Ta ce, ki kira Umma, na san yanzu hankalinta ya tashi, kuma in hankalinta ya tashi gwiwarta kumbura take. Kin ji inda na samo tambayar gwiwa.

Suwaibatu: Allah na gode maka.

Hure: Na tambaye ta kai tsaye, don ni ma in sani. Na ce to yanzu nan za ki zauna ko can? Ta kalle ni kamar na yi wauta. Ta ce ita fa zuwa ta yi ta ji daga bakina, ta ji. Ta ce jibi suna da gwajin lissafi, kuma Adawiyya ba ta iya barci ita kaɗai.

Suwaibatu: Ita ce dai ba ta iyawa, take laƙa wa Adawiyya. Kai, alhamdu lillahi. Wallahi Hure kamar an sauke min buhun gero daga ƙirji. Ba ni ita in ji muryarta.

Hure: Ta ƙi. Tun da na ɗauko wayar ta ce kada in ba ta, wai za ki yi mata faɗa.

Suwaibatu: Faɗa kam tana da shi a ajiye, har da na rake. Amma ba yau ba. Ta tambaye ki yadda za ta riƙa kiranki yanzu?

Hure: Ta tambaya. Na ce yadda kika saba. Ta ce dama malaminsu na Hausa ya ce inna ma uwa ce, don haka ba sai an canja komai ba. Sai ta koma tana koya wa su Garzali tafin, ka, zin, ka, zin. Garzali ya ce to shi kazin ɗinta ne? Ta ce a'a, kai ƙanina ne, Adawiyya kuma yayata ce, ni ba ni da kazin ko ɗaya, a littafi kawai yake.

Suwaibatu: Ka ji 'yar malamai. To yanzu ya za a yi? Malam ya taho ya ɗauke ta, ko baban su Garzali zai kawo ta? In ya taso yanzu kafin isha sun iso.

Hure: E to. Babur ɗin nasa fitilarsa ba ta da ƙarfi.

Suwaibatu: Sai Malam ya zo, tasa lafiya lau take.

Hure: Hanyar ce, Yaya. Ruwan ƙarshen nan ya cinye ta wajen kwalbati, ga yashi. Kuma magariba ta kawo kai. Ga Malam ya gaji da yawo tun azahar.

Suwaibatu: Hanyar da Baffa Datti ya bi da buhunan gyaɗa ɗazu?

Hure: Ai mota daban, babur daban.

Suwaibatu: Hure.

Hure: Na'am.

Suwaibatu: Hanya ce, ko ke ce?

Hure: ...

Suwaibatu: Halo? Sabis ɗin ne ya tafi?

Hure: Yana nan. Ni ce.

Suwaibatu: Ina jin ki.

Hure: Da ta cire hijabi za ta yi alwala na ga kitsonta ya tsufa. Sai na tuna ban taɓa sa hannu a kanta ba, Yaya. Na yi wa 'ya'yan maƙota, na yi wa amaren garin nan kaf, ita ko sau ɗaya. Ban taɓa roƙonki komai a kanta ba, kuma ba karɓe ta zan yi ba, wallahi taki ce. Ki bar min ita ta kwana. Gobe da hantsi in na gama mata, da kaina zan rako ta.

Suwaibatu: Gobe akwai makaranta.

Hure: Na sani. Shi ke nan, bari in gaya wa baban su Garzali ya nemo aron...

Suwaibatu: Tsaya mana, ban gama ba. Na ce akwai makaranta, sai Malam Sagiru ya san abin da zai gaya wa hedimasta, tunda shi ya ɗauko darasin. Ta kwana.

Hure: Yaya...

Suwaibatu: Kada ki yi min godiya, abin kunya ne. Ki dai saurara. Kanta da zafi, ba ta son a ja, musamman wajen ƙeya, ki bi a hankali. Ki jiƙa shi da man kaɗe tukuna. Shuku take so, kada ki yi mata irin kitson tsofaffin nan naki. Kuma ba ta barci a duhu, ki bar mata tocila a kunne, ba za ta roƙa ba don kunya. In ta ce ta ƙoshi ƙarya take, ki ƙara mata. Sauro yana...

Hure: Yaya, matar kamfanin wayar nan ta yi magana, katina ya kusa...

Suwaibatu: To ki ce mata ban yi fushi ba. Kin ji? Ki ce Ummanta ta ce ta zauna ta bari a yi mata kitson, kada ta yi miki gardama. Hure? Halo? Hure, kin ji na ƙarshen? Ya yanke. Adawiyya, kin dawo? Kin same shi? To madalla. Zo ki kwashe tuwon nan, malmalar Muhsina ki sa a kula ki rufe. Na sani, ai ni na ce ta kwana. Ki rufe mata dai.